Sayen 'Yar Gona a Ƙauye: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Garwa

Tun da na sayi 'yar gonata a wani ƙauye kudu da Garwa a arewacin Kamaru, in ka ratse daga hanyar Ngong, shagona ya koma zauren shawara. Mutum zai zo sayen atamfa turmi ɗaya, kafin a naɗe masa ya jawo benci ya ce, "Alhaji, ni ma fa abin nan yana raina." Wasu daga Duwala da Yawunde suke bugo waya, kuɗin haya da hayaniyar 'yan moto sun ishe su. Akwai ma'aikatan da ritaya ta ƙarato musu, akwai zawarawa masu ɗan abin gado a hannu. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su a nan da bakin ɗan kasuwa, domin yawancin abin da zan faɗa da kuɗina na koye shi.

Alhaji, daga ina mutum zai fara?

Daga haya. Na san ba amsar da kake son ji ke nan ba. A ranka ka riga ka ga kanka a gindin mangwaro, butar shayi a kan gawayi, zabi suna kiwo, masara ta yi goyo. Wannan hoton gaskiya ne, amma na mako uku ne a shekara. Sauran kwanakin akwai Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Garwa ke haura digiri 40 ba fanka ba ruwan sanyi, akwai kuma Agusta, lokacin da mayo, wato rafi, zai cika ka tsaya a bakinsa da babur kana hango gonarka a tsallake.

Ka karɓi hayar kar biyu a ƙauyen da kake sha'awa, ka noma damina ɗaya cur, daga sassabe har sussuka. Kafin kaka za ka san wace gona ce ruwa ke kwanciya a cikinta, wane gida ne ke rigimar iyaka, wa ke cika alkawari in ka ba shi aiki. Mutanen ƙauyen su ma za su san ka. Gonar kirki ba a kawo tallarta birni. A kunne ake raɗa wa wanda aka riga aka sani.

Kar ɗin nan da kake ta ambata, mene ne?

Kwata ɗin hekta ne, mita 50 tsawo mita 50 faɗi. Kar huɗu su ne hekta ɗaya. Masu auduga ne suka baza wannan awo, yanzu da shi kowa ke ciniki a nan. Sai dai ka tafi da igiyarka. "Kar huɗu" na bakin mai sayarwa, in aka ja igiya, sau da yawa uku da ɗan ɗoriya ne.

Kawu, wane yanki ya fi: Marwa, Garwa ko Ngaundere?

Ruwan sama yana ƙaruwa in ka yi kudu. Wajen Marwa bai cika wuce milimita 800 a shekara ba, Garwa kusan 1,000, Ngaundere kuwa wajen 1,500 ga sanyin tudu. Kowanne da abincinsa. Ƙasar Marwa tana da karal, baƙar lakar nan mai tsagewa da rani, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya ɗauke ta nuna da danshin da laka ta riƙe. Tana kuma da albasa. Amma mutane sun yi yawa, gona ta yi tsada, mai karal ba ya saurin rabuwa da shi. Kwarin Binuwai, inda Garwa take, na masara ne da gyaɗa da auduga da dawa, shi ya sa tun shekaru da dama mutanen can arewa ke ta gangarowa Ngong da Lagdo da Tuboro neman ƙasa. Adamawa, wato yankin Ngaundere, ta rogo ce da dankali da masara, kuma ƙasar shanu ce kafin komai.

Duk wannan bayani ne na taswira. Nawa ma'aunin daban ne: gonar da ta fi ita ce wadda za ka yi asuba a gidanka, ka je, ka duba, ka dawo ka yi magariba a masallacin unguwarku. Jigawa mai matsakaicin ƙarfi da ke kusa ta fi fadama mai albarka da sai ka kwana a hanya.

Yaya zan gane ƙasa mai kyau, ni da ban taɓa riƙe fartanya ba?

Ka ga gonar sau biyu kafin ka biya: cikin marka, da kuma tsakiyar bazara. Dillalai sun fi son kai baƙo a watan Yuni zuwa Yuli, lokacin da ko fako ya yi ɗan kore. Baƙo kuwa ko yana da ido makaho ne.

Cikin marka ka duba inda ruwa ke bi da inda yake kwana. Ka duba gindin itatuwa, in akwai shatin laka a jikinsu to ruwa ya taɓa kaiwa nan. In gonar tana ƙasa da madatsar Lagdo, wadda 'yan Sin suka gama ginawa a 1982, ka tambayi tsofaffi inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2012. Ba wanda ya manta, za su nuna maka da sanda.

Da bazara ƙasa ba ta iya ɓoye halinta. Inda ka ga fili fari fat, ya daskare kamar daɓe, ko ciyawa ba ta bar sawu ba, wannan fako ne, Fulani suna ce masa harde, kada araharsa ta ruɗe ka. Ka duba guntayen karan da suka rage daga bara: in masu kauri ne ƙasa tana da rai, in sirara ne kamar tsinke ta gaji. Ka tambaya ko ƙuduji yana fitowa, furen nan ja-ja mai kyau a ido wanda ke tsotse dawa da masara tun daga saiwa. Gonar da ƙuduji ya kama, irinsa yana shekaru a ƙasa yana jira. Tofa ma wahala ce, saiwarta ta fi ƙarfin hauya. In kuwa ka tarar da gawo a tsaye cikin gona, ka ƙara wa mai ita daraja. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma dabbobi ke taruwa a gindinsa su bar taki. Kaɗanya da ɗorawa su ma dukiya ce, amma ka tambaya tun wuri ko suna cikin cinikin, domin a wasu wuraren ƙasa daban, 'ya'yan itace daban.

Sannan tambayar da ta fi duka, kuma ba mai gonar za ka yi wa ba, maƙwabcinsa za ka yi wa: me ya sa zai sayar? In aure ne ko jinya ko bashi, to. In aka yi shiru aka kalli juna, ruwa ba ya tsami banza.

A hannun wa ake saye, mai gona ko jauro?

Nan ne maganar take da tsawo, ka gyara zama.

A al'adar ƙasar nan, ƙasa tana hannun lamido, wato sarki, ƙarƙashinsa lawan, ƙarƙashin lawan jauro, wato mai garin ƙauye. Jauro ne ya san wace gona ce ta gado, wacce ce aka ba kakan wane aro shekara arba'in da suka wuce har jikoki suka ɗauka tasu ce. Saboda haka ko da mai gona kuka daidaita, cinikin da bai bi ta zauren jauro ba cinikin biri ne a sama.

Gwamnati kuma da nata lissafin. Dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974, ta zamanin Ahmadu Ahijo ɗan garin nan, ta kasa ƙasar Kamaru uku: wadda ke da takardar mallaka, wadda ta zama ta amfanin kowa kamar hanyoyi da koguna, sai ragowar da ake kira domen nasiyonal, wadda gwamnati ce mai kula da ita. Kusan duk gonakin ƙauyukanmu a kashi na ukun nan suke. Dokar kuma ba ta yarda da sayar da ƙasar da ba ta da takardar mallaka ba. Wadda ke da takarda ma, sai a gaban noter, wato masanin dokar da hukuma ta ba ikon rubuta ciniki, yake tabbata. Ma'ana, abin da muke kira "na sayi gona" a ƙauye, a idon hukuma mai gonar ne ya janye daga haƙƙinsa na gargajiya ya bar maka wurin. Shi ya sa za ka ga takardar da ake rubutawa da Faransanci tana maganar barin haƙƙin gargajiya, ba sayarwa ba.

Wannan bai hana mutane saye kullum ba, ni ma haka na saya. Amma ka san abin da ke hannunka.

To takardar da jauro ya buga wa hatimi ba ta da amfani ke nan?

Tana da shi, babba ma. Ita ce shaidarka a gaban lawan da lamido, kuma yawancin rigimar gona a nan take ƙarewa. Sai dai ba ita ce mallaka ba, kuma ƙarfinta yana ga mutanen da suka tsaya a kanta. Ranar ciniki a taka iyaka da ƙafa, kusurwa huɗu, da jauro ko wakilinsa, da maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A ƙirga kuɗin a gaban shaidu, a rubuta adadin da ranar. Ka ɗauki hoto da waya. Da ruwa ya sauka ka dasa bini-da-zugu ko gamba a kan iyakar, domin dutse ana iya mirgina shi da dare, shuka kuwa sai an bar rami.

Yaya ake samun titir fonsiye, wato takardar mallakar, kuma ya cancanci wahalar?

Hanya biyu ce. Wanda yake zaune ko yake noma wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974, shi ko magadansa, yana iya neman takardar kai tsaye. Wanda ya zo daga baya, irina da irinka, hanyarsa ita ce a ba shi wurin na wucin gadi, har zuwa shekara biyar, bisa aikin da ya ce zai yi; in ya raya wurin a tabbatar masa, sannan takarda ta fito. Saboda haka in mai sayarwa ɗan asalin wurin ne, mafi tsabta shi ne ku daidaita ya fara fitar da takardar da sunansa, sannan ku je gaban noter ya sayar maka.

Ana fara ajiye takardu a ofishin sufirefe, wato wakilin gwamnati a ƙaramar hukuma. Kwamiti ne ke fitowa ya ga wurin, sufirefe ke shugabanta, da ma'aikatan ƙasa da na awo, da jauro da dattawa biyu. Mai awo na gwamnati ya kafa duwatsun siminti, a yi sanarwa ko akwai mai ja. Tun gyaran dokar da aka yi a 2005 ba sai takarda ta je Yawunde ba, a matakin depatama, yankin da ke sama da na sufirefe, ake fitar da ita. A rubuce abin ba wuya. A aikace sai ka yi sawu, kuma kai ne za ka ɗauki nauyin fitowar kwamitin.

Ra'ayina: in gonar tana kusa da gari ko bakin kwalta, wajen Pitowa ko Ngong ko inda Garwa ke miƙewa, ka nema ko da za ka sayar da sa. Gari yana tafiya, ranar da ya iso gonarka masu takarda ne za su yi magana. In kuwa can cikin daji take, ka fara da noma ta kowace shekara ba fashi. Gonar da aka bari saura shekara biyu uku, jauro na iya ganin ba mai bukata, ya ba wani.

An kawo mini gonar gado da araha, in karɓa?

A nan na ƙone. Gonar da na fara nema kafin wannan, babban ɗa ne ya kawo ta, ya ce shi ne mai magana a gidan. Na ba da kafin alƙalami, na ba dillali la'adarsa. Bayan sati uku ƙaninsa ya dawo daga ci-rani ya ce bai san zance ba, ga kuma 'yan'uwa mata biyu da suke aure a wasu garuruwa, ba wanda ya tambaye su. Ashe ba a ma raba gadon ba. Malamin da muka je wurinsa ya ce ko rabonsa kaɗai babban ya sayar, sauran magada suna da haƙƙin shufu'a, su mayar mini da kuɗina su karɓe. Gaskiya ya faɗa. Kafin alƙalamina kuwa ya dawo ne kaɗan-kaɗan, cikin shekara biyu, wani da kuɗi wani da buhun gyaɗa.

In gado ne, ka tambaya an raba? Wa ya raba? Magada nawa ne, har mata? Kowa ya zo, ko ya aiko da yardarsa ta bakin wanda aka amince da shi.

Nawa zan tanada?

Farashi ya danganta da nisan gona da kwalta, da ruwa, da kuma irin rigar da ka sa ranar da ka je. Abin da zan ce shi ne kada kuɗin sayen ya wuce sulusin abin da ke hannunka. Sulusi na biyu na aikin damina ne: sassabe, hayar shanun huɗa, iri, taki, maganin feshi, 'yan ƙwadago a noman farko da maimai, girbi, buhuna, amalanke ko mota zuwa gida. Na ukun ka ɓoye shi don damina ta biyu, domin ta farko ba ta cika mayar da kuɗi ba. Waɗanda suka zuba komai a saye su ne 2022 ta kama, lokacin da yaƙin Yukren ya sa takin zamani ya yi tashin gwauron zabi. Gona a hannu, ba abin zuba mata.

Yaya, ina Duwala. Ba zan iya sa wani ya kula ba, ni ina turo kuɗi ta waya?

Za ka iya turo kuɗi. Ko za ka ga hatsi, wannan wata magana ce.

Noma aikin kwanaki ne ƙididdigaggu. Ruwan shuka ya sauka yau, in ba a shuka cikin kwana biyu uku ba an yi asara. Ciyawa ta taso, in aka makara mako guda ta danne masara. Kuma ranar da gonarka ke bukatar hannu, ranar ce gonar mai kula da taka take bukata. Wace kake jin zai fara? Ba mugunta ba ce, da ni ne ma tawa zan fara.

Shekarata ta biyu kasuwa ta riƙe ni, na koma aike. Na tura taki buhu huɗu. Da na je cikin Agusta masarata ta yi rawaya kamar mai shawara, ta gefe kuwa kore shar. Ban yi faɗa ba, don ni na bar ƙofa a buɗe. Tun daga nan ranar zuba taki ina tsaye, da hannuna nake yanke bakin buhu. Hausawa sun gama magana da suka ce zuwa da kai ya fi aike.

In dole sai ka wakilta, kada ka yi albashin wata. Ku yi yarjejeniyar rabo, kai ƙasa da iri da taki, shi ƙarfi, a raba amfani yadda kuka yanke a gaban shaidu tun kafin shuka. Wanda ke da rabo a cikin buhu ba ya sayar da taki. Ka kuma riƙe naka alkawarin: mai gonar da ke birni yana jan kuɗin 'yan ƙwadago sati biyu, ba ya samun ma'aikata ranar da yake nema, kuma labarinsa ya riga shi isa ƙauyen gaba. Sannan ka samu ɗan'uwa a Garwa wanda zai riƙa faɗowa gonar ba sanarwa. In duk wannan ba zai yiwu ba, ka bar kuɗinka a kasuwa tukuna, da kaka ka sayi masara a Ngong ka ajiye. Riba ce ba tare da fartanya ba.

Shanu fa? Ana ce mini makiyaya za su cinye komai.

Kafin ka saya ka tambaya ina burtali ya bi, ina mashaya, ina hurumin kiwo. Gonar da aka yanka a kan burtali tana da araha saboda dalili, kuma ko ka kai ƙara ba ka da gaskiya. Akwai dokar 1978 da ta ba kwamitin sufirefe hurumin sasanta manomi da makiyayi, amma kafin kwamiti ya fito shanun sun kai Adamawa.

Abin da ya yi mini aiki shi ne zuwa gaida arɗo tun ban da matsala da kowa, da goro da sukari. Muka yi magana: ni zan kwashe amfanina da wuri, in na gama su shigo su ci kara, su kwana a gonar sati biyu. Takin da suke bari ba ya sayuwa a kanti. Harawar wake da ta gyaɗa dai ka ɗaure ka ɗora a bisa, da rani kuɗi ce.

In shiga auduga?

SODECOTON, masana'antar audugar Kamaru wadda aka kafa a 1974 kuma hedkwatarta ke nan Garwa, tana ba da iri da taki da magani bashi ta hannun ƙungiyoyin manoma, a cire in an auna auduga. Ga kasuwa tabbatacciya, ga masarar da ta biyo auduga a gona tana morar ragowar taki. Amma auduga 'yar lele ce, feshi bayan feshi, tsinka kuma hannu da yawa. Bashin ma na haɗin gwiwa ne, in wani a rukuninku ya gaza, ku ne za ku cike. Ga mazaunin ƙauye mai iyali da yawa, tana da kyau. Ga sabon shiga da ke zuwa ranar hutu, a'a.

To me zan shuka a shekarar farko?

Abin da gidanka ke ci: masara ko dawa a rabi, gyaɗa da wake a rabi, baɗi ka juya su. Ko kasuwa ta faɗi ba ka yi asara ba, tuwo ne. Kada ka sayar da kaka lokacin da kowa ke sayarwa. Ka je kasuwar Pitowa ranar Lahadi a watan Nuwamba, ka sake komawa a Yuli, ka ji bambancin da kunnenka. Wake kuwa ka zuba shi a buhun nan mai ciki uku da ba ya shan iska, wanda tun farko a Marwa aka gwada dabararsa tare da masu binciken IRAD, cibiyar binciken noma ta gwamnati. Ƙwaro yana mutuwa a ciki ba tare da ka zuba guba a abincin 'ya'yanka ba.

Ina son lambu, albasa da tumatir da 'yan itatuwa.

To ruwa za ka saya, ƙasa kyauta ce a kai. Ka leƙa rijiyar da ta fi kusa a ƙarshen Afrilu, ba a Disamba ba, ka ga gaba nawa guga ke tafiya. Ka lissafa injin ban ruwa da man da zai sha, ko kuɗin foraj, wato rijiyar burtsatse, in za ka haƙa. Albasa tana da kuɗi, amma mai ɗakin ajiya ne ke cin kuɗin, shi ma bayan ya zubar da ruɓaɓɓu. Mangwaro da gwaiba da lemo ka dasa su tun shekarar farko ka kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Su ne kuma shaidar da kwamiti ke gani in an zo duba ko ka raya wuri.

Maganar tsaro fa?

Ba a wasa da ita. Wajen Tuboro da sassan Mayo Rai da Adamawa an sha fama da zargina, wato 'yan fashin hanya, da masu sace mutane don kuɗin fansa, kuma wanda aka ga alamar yana da shanu ko ɗan'uwa mai kuɗi a birni shi ake nema. Kan iyaka a can Arewa Mai Nisa kuwa tun 2014 Boko Haram ta tashi ƙauyuka da dama. Ka tambayi direbobin da ke bin hanyar, sun fi kowa sani. In ka je, ka je da babur da tsohuwar riga, kada ka raba kuɗi a bainar jama'a, kada kowa ya san ranar zuwanka daidai.

Wani abu kuma: kudancin jihar nan akwai gandun dajin Binuwai da Buba Njida da Faro, kewaye da su ga yankunan farauta da gwamnati ta keɓe. Za a iya nuna maka ƙasa baƙa mai kyau a can da kuɗi kaɗan. Ba ta mai nunawar ba ce.

Alhaji, ni mace ce, maigidana ya rasu. Zan iya saye da sunana?

Hajiya, Allah ya jiƙansa. Za ki iya, addini bai hana ba, doka ba ta hana ba. Ki tafi da wanki ko ɗanki ya tsaya miki a zauren jauro in kin fi son haka, amma sunan da za a rubuta naki ne, a karanta miki ki ji da kunnenki. Na ga inda aka rubuta sunan ƙani "don sauƙi", bayan ya rasu gonar ta shiga gadonsa.

Ni ɗan Najeriya ne, a Garwa nake kasuwanci.

Doka ta bar baƙo ya yi haya ko ya saya, ban da yankunan kan iyaka, kuma sai ministan harkokin ƙasa ya sa hannu a cinikin. Ga 'yar gona, haya mai tsawo a gaban shaidu ta fi maka kwanciyar hankali.

Zakka nawa ce, kuma wa ake ba?

In hatsi ya kai nisabi, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da inji ko guga ka shayar. A ƙauyuka da yawa an saba kai wani abu gidan jauro da kaka, har ya wuce sama zuwa lawan da lamido, shi ma ana ce masa zakka. Ka tambayi yadda ake yi a wurin tun kafin ciniki, ka kuma tambayi malaminka wanne ne ya sauke maka farali. Ni dai ina kai wa jauro nasa, ina kuma fitar da ta mabukata daban.

Kai ka koma ƙauyen ne gaba ɗaya?

Ban koma ba. Niyyata ke nan da farko, har na sa aka buga tubali. Uwargida ta zo ta kwana biyu, ta tambaye ni ina makarantar yara, ina asibiti in naƙuda ta tashi da dare ko maciji ya sari wani, na rasa amsa. Ɗaki ɗaya na gina da rumfa da rumbu. Da damina ina tafiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in kwana biyu, Litinin da safe ina shago. Lokacin shuka da zuba taki da girbi kuwa yaro nake bar wa shagon mako guda. Ragowar tubalin yana nan a jibge bayan ɗakin, kaji suna ƙwai a tsakaninsa. Mangwaron da na dasa shekarar farko bana ya fara 'ya'ya, guda goma sha ɗaya na ƙirga, yaran ƙauyen suka bar mini huɗu.